In Kunne Ya Ji: Nasihar Kawu Kan Zaɓen Hular Tseren Mota

Ɗana,

Da fatan kana lafiya, kai da aiki da sanyin Faransa. Shekaranjiya mahaifiyarka ta zo gidan nan, ta zauna a kan tabarma ta daɗe ba ta ce uffan ba, can ta nisa ta ce, "Yaya, ka hana shi." Na ce mata ba zan hana ka ba, domin ruwan da kake shirin shiga ni ma na yi iyo a cikinsa, na san kuma wanda zuciyarsa ta kamu da ƙarar inji ba ya jin hani. Amma na yi mata alkawari zan zauna in rubuto maka abin da na sani, dalla-dalla. Alkawarin nan nake cikawa.

Na ga hotuna ukun da ka turo mini. Ka ce ƙungiyar da ka shiga ta ba ka kujerar gefen direba, kai ne mai karanta hanya, kuma kana neman hular kwano mai na'urar magana a jikinta. Ta farko hular babur ce mai Bluetooth, mai sheƙi, mai sauƙin kuɗi. Ta biyu ta gwanjo ce, mai ita na farko ya sa mata makirfo da kansa. Ta uku sabuwa ce fil, an ƙera ta domin tseren mota, da makirfo da lasifika tun daga masana'anta, amma kuɗinta ya ɗaga maka hankali. Ka ce in zaɓar maka. Kafin in zaɓa, bari in ba ka labarin daren da na fara sanin darajar 'yar wayar nan da ke tsakanin direba da abokin tafiyarsa.

Ina yaron gareji a Agadas a shekarun 1980, lokacin da ayarin Paris-Dakar yake ratsa Nijar. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, shi ya ƙirƙiro gasar bayan ya ɓace a hamada a kan babur a 1977, aka fara ta a ƙarshen Disamban 1978. In Janairu ya kama, hunturu ya kankama, sai garin ya cika da ƙura da baƙi da ƙugin injuna, mu kuma yaran gareji mu kwana a tsaye. Wani dare, bayan isha da nisa, wani mai karanta hanya ya iso rumfarmu riƙe da hularsa. Leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun yi ja, muryarsa ta dushe har sai da alama yake magana. Na'urarsu ta mutu tun da hantsi. Wuni guda a cikin hamadar Tenere yana ihu, yana dukan gwiwar direba, yana nuni da hannu, har suka saki hanya suka yi asarar awanni. Na kunna tocila na buɗe filogin. Yashi ya cika shi, wata waya kuma mai kaurin zaren ɗinki ta tsinke daga inda aka liƙa ta da dalma. Aikin minti goma ne. Da na gama ya sa hular, na yi magana a ɗaya gefen, sai na ga bawan Allah ya rufe ido ya jingina da bango kamar wanda aka sauke wa kaya.

Tun daga ranar na gane cewa hular mai tseren daji tana da aiki biyu. Muryar da ke ratsa ta ita ke hana haɗari aukuwa. Ƙoƙonta kuma shi ke tsare kai in haɗarin ya riga ya auku. Duk wanda ya lalata ɗaya don ya sami ɗaya, ya yi ciniki maras riba. Wannan ita ce nasihata gaba ɗaya, sauran abin da zan faɗa bayaninta ne.

Ka yi lissafi da kanka. Motar da ke gudun kilomita 120 a awa ɗaya tana cin mita 33 a kowane sakan. In ka ce kwanar hagu ce mai tsanani bayan tudu, direba ya ce "me ka ce?", ka maimaita, sakan biyu sun wuce, kun ci sama da mita sittin a makance. A tseren daji direba ba ya ganin bayan tudu, da kunnensa yake tuƙi. Tun ranar zagayen duba hanya kuke rubuta kowace kwana da lambarta, kowace gada, kowane rami, ranar gasa kuma kai ne idonsa. Sébastien Loeb ya ci kambun duniya sau tara a jere, daga 2004 zuwa 2012, kuma duk taran muryar mutum ɗaya ce a kunnensa, Daniel Elena. Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ban san inda maganar nan ta zauna daram kamar cikin motar tsere ba.

To, mu ɗauki hotonka na farko. Hular babur ba ta mota ba ce, ko da ta fi ta kyau a ido. A 1956 wani mai tsere a Kaliforniya, Pete Snell, motarsa ta kife, hular da ke kansa ta kasa tsare shi, ya rasu. Abokansa suka kafa gidauniyar Snell a 1957 don a riƙa gwada huluna kafin a sayar wa mutane. Har yau gidauniyar tana raba tambarinta: mai harafin M na babur ne, mai SA na tseren mota, kuma duk shekara biyar ana sabunta shi, shi ya sa za ka ga SA2015, ka ga SA2020. Hukumar wasannin motoci ta duniya, FIA, ita ma tana da nata ma'aunin, irin su 8859-2015 da babbansa 8860-2018. Tambarin ECE da kake gani a hulunan babur na Turai ba ya cikin waɗannan.

Bambancin yana da dalili. Mai babur in ya faɗi, ya rabu da abin hawansa, ya ja a kan kwalta. Kai kuwa a ɗaure kake cikin kejin ƙarfe, in mota ta yi ta wuntsilawa kanka zai yi ta dukan bututun ƙarfe sau da yawa, ga tankin fetur a bayanka. Don haka ake gwada hular mota da dukan ƙarfe irin na kejin, ake kuma gwada ta da wuta. Shimfiɗar cikinta da yadi maras cin wuta ake yi, irin su Nomex, igiyar haɓa ma haka. Ta babur, yadin cikinta yana iya narkewa ya manne a fata. Na'urar Bluetooth ɗin da ta burge ka kuwa an yi ta ne don hira da jin waƙa a kan titi, da batir da ke iya mutuwa a tsakiyar zango. Masu duba kaya ba za su bar ka ka tashi da ita ba, kuma gaskiyarsu. Ka goge hoton nan.

Hoto na biyu shi ya hana ni barci, domin na ƙara girmansa na ga kan kusoshi biyu a gefen muƙamuƙi. Na san aikin nan, ɗana, don hannuna ya taɓa yin irinsa. Bayan na bar Agadas na bi wata ƙaramar ƙungiyar tsere a matsayin bakanike. Wani matashin direba ya kawo mini hula mai kyau wadda ba ta da na'urar magana, ya ce in sa mata. Na ɗauki na'urar huda na yi ƙofa biyu a gefe, na sa wuƙa na rarake soson da ke wajen kunne don lasifika ta zauna. Magana ta fita tangaran, kowa ya yaba. Bayan watanni motar ta kife a kan burji. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ya yi makonni a asibiti da rauni a ka. Da aka kawo mini hular na juya ta, sai na ga tsaga ta tashi daga bakin ƙofar da na huda, ta miƙe har gefen goshi, kuma daidai inda na rarake soso nan ta lotsa. Na je na nemi gafararsa ya yafe mini, amma har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ga abin da ban sani ba a lokacin. Ƙoƙon waje, ko na zaren gilashi ne ko na kabon ko na Kevlar, aikinsa ya baza ƙarfin duka ya kuma hana abu mai tsini shiga. Farin soson nan mai tauri da ke ƙarƙashinsa, dangin wanda ake shirya talabijin a kwali da shi, shi ne mai shanye dukan, yana murƙushewa don kada ƙwaƙwalwa ta girgiza. Sau ɗaya yake wannan aikin. In ya murƙushe ba ya komawa, kuma daga waje ba a gani. Saboda haka hular gwanjo amana ce da ba ka san wanda ya ci ta ba: mai sayarwa zai ce ba ta taɓa faɗuwa ba, kai kuma ba ka da hanyar tabbatarwa. Dokar FIA ta hana a sauya wa hula komai sai yadda kamfanin da ya ƙera ta ya yarda. Wadda aka yi da na'urar magana tun asali, an gwada ta ne da gurbin lasifikarta da mazaunin makirfonta. Araha ba ta ado, a wannan sana'a kuwa har rai takan ci.

Saura ta uku. Ita ce hanya, amma kada ka biya kuɗi don kawu ya ce. Akwai abubuwan da za ka duba da hannunka, a shago, ba a allon waya ba.

Ka fara da ɗaga shimfiɗar ciki ka nemi tambari. Na Snell yana manne a jikin soso da lambarsa, na FIA yana da hatimi mai walƙiya. Akwai jabu a kasuwa, musamman a intanet, don haka ka duba sunan samfurin a jerin da hukumomin biyu suke wallafawa. Sannan ka ɗauki ƙa'idojin gasar da za ku shiga, waɗanda hukumar wasan motoci ta Faransa, FFSA, take fitarwa, ka ga wane tambari suke karɓa da kuma shekarar da wa'adinsa zai ƙare. Sau da yawa hular da aka karya wa farashi, wa'adinta ne ya kusa.

Daga nan sai awo. Ka sami tef ɗin tela ka zagaya kanka da shi, kamar yatsa biyu sama da gira, ta inda ƙeya ta fi tudu. Lambar santimita da ka samu mafari ce kawai, domin kawuna ba siffa ɗaya ba ne: wani mai tsawo, wani kewayayye, kuma Stilo da Bell da Arai da Sparco kowanne da irin kan da ya fi karɓa. Ka tafi shago da hular ƙyallen nan maras cin wuta da za ka riƙa sawa a ƙarƙashi, da tabaranka in kana sawa. Ka sa hular, ka ɗaure igiyar haɓa ta cikin zobbanta biyu. Ka kama ta da hannu biyu ka juya dama da hagu: fatar goshinka da kumatunka su bi ta. In tana zamewa a kan fata, ta yi yawa. Ka sa mai shago ya kama ta daga ƙeya ya yi ƙoƙarin tuɓe ta ta gaba. In ta fita, ka ajiye. Sannan ka zauna da ita a ka rabin awa, ko mai shago ya gaji da kai. Matsi ko'ina daidai shi ake so. Amma in wuri ɗaya ya fara zafi a goshi ko bayan kunne, ka sani a zango na huɗu zai zama ciwon kai, mai ciwon kai kuwa yakan tsallake layi a takarda.

Kada ka raina wannan. Ranar 1 ga Agustan 1976, a Nürburgring ta Jamus, motar Niki Lauda ta kama da wuta, hularsa ta fice daga kansa a lokacin haɗarin. Ya ƙone a fuska da ka, ya rasa yawancin kunnensa na dama, tabon ya zauna masa har ƙarshen rayuwarsa. Zakaran duniya ne a lokacin. Hular da ba ta zauna a ka ba, komai tsadarta, ba ta tare da kai a lokacin da kake bukatarta.

Sai ka duba gefe da gefe, ƙasa da kunne ta baya, ka tabbata akwai mazaunin ƙugiyoyin abin riƙe wuya, wanda ake kira HANS. Bel yana riƙe gangar jiki, amma in mota ta daki abu ta tsaya cak, kai da nauyin hula sai su ci gaba da tafiya, gindin ƙoƙon kai ya karye. Haka ya faru da Dale Earnhardt, wanda ya ci kambun NASCAR sau bakwai, a zagayen ƙarshe na tseren Daytona ranar 18 ga Fabrairun 2001. Abin riƙe wuyan yana nan tun kafin ranar, Dakta Robert Hubbard da surukinsa Jim Downing suka ƙirƙiro shi a shekarun 1980, amma direbobi da yawa suna ganin takura ne. Bayan rasuwar Earnhardt aka tilasta shi a NASCAR, Formula 1 ta bi a 2003. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A nan ne kuma nauyin hula yake da muhimmanci. Lasifika da makirfo da waya duk nauyi ne a kan wuyanka, shi ya sa ta kabon take tsada. In aljihu bai kai can ba, ta zaren gilashi mai tambarin ƙwarai ta wadatar.

Za a tambaye ka: buɗaɗɗiya kake so ko mai rufe fuska? Masu tseren daji da yawa buɗaɗɗiya suke sawa, mai sandar makirfo a gaban baki, saboda zafi da sauƙin duba takarda. Mai rufe fuska ta fi tsare haɓa da haƙora da fuska daga wuta. A motar da ba ta da rufi kuwa babu zaɓi. A Yulin 2009, a Hangari, wani sifirin mai nauyin kusan giram 800 ya ɓalle daga motar Rubens Barrichello ya daki hular Felipe Massa sama da idon hagu. Ƙoƙon kansa ya fashe, amma ya rayu ya dawo tsere a shekarar da ta biyo. In kana da niyyar wata rana ka gwada tseren fili na zagaye, ka sani dokarsa dabam ce: a can FIA ba ta yarda da lasifikar da aka dasa a jikin hula ba, sai 'yar ƙaramar da ake cusawa a kunne, ana magana da mutanen gareji ta rediyo da maɓalli a sitiyari. Hular da ta dace da daji ba lallai ta wuce a can ba. Ka san inda ka dosa kafin ka saya.

Yanzu ga na'urar maganar kanta, inda ni bakanike na fi wayo. Hularka ba ita kaɗai take aiki ba. Tsakaninka da direba akwai ɗan akwatin amfilifaya, can kuma ga hularsa. Dole ukun su zama 'yan gida ɗaya. Filogin Stilo da na Peltor suna kama da juna, amma wayoyin cikinsu ba tsari ɗaya ba ne, sai da 'yar wayar haɗi. Makirfo ma iri biyu ne, wani yana bukatar 'yar wuta daga akwatin, wani ba ya bukata, in aka gauraya sai murya ɗaya ta yi ƙasa ko ta ɓace. Ko a kayan kamfani ɗaya akwai ƙarami da babba waɗanda ba sa shiga juna. Don haka kafin ka je shago, ka je wurin direbanka ka rubuta sunan akwatin da ke motar da irin hularsa. In zai yiwu ku tafi tare.

Makirfon tsere yana da wata hikima. A buɗe yake gaba da baya. Ƙarar inji da ta tsakuwa tana zuwa daga nesa ta daki fuskokin biyu daidai, sai ta kashe kanta. Muryarka kuwa daga kusa take, fuska ɗaya take duka, sai ta wuce. Saboda haka dole ya kasance dab da leɓe, har in ka turo baki ka taɓa soson. In ya yi nisan yatsa biyu, direba ƙugin salansa zai ji. Ka duba sandarsa, in ka lanƙwasa ta ta tsaya inda ka sa ta, kada gargada ta sauke ta ƙasan haɓa.

Ka kula da kofunan kunne, su rufe kunnen ruf ba tare da sun naɗe shi ba. A cikin motar tsere ƙara tana haura ma'aunin desibel 100, alhali masana lafiya sun ce daga 85 kunne yake fara cutuwa in an daɗe. Wanda kofinsa ba ya toshe ƙara sai ya yi ta ƙara sautin akwati, ya haɗa wa kunnensa azaba biyu. Ni a zamaninmu ba mu san wannan ba, muna kwana kusa da injuna ba komai a kunne. Yau kunnena na hagu kuka yake dare da rana kamar gyare. In na makara na tsaya a sahun baya, karatun liman sai in tsinci rabi. In jikokina suna magana sai na juyo musu da dama. Ba na so ka kai shekaruna a haka.

Abu na gaba shi ne fita. Ranar 29 ga Nuwamban 2020, a Baharain, motar Romain Grosjean ta rabe biyu ta kama da wuta, ya yi kusan sakan 28 a ciki kafin ya fito, da ƙuna a hannuwa. A irin wannan lokaci ba mai tuna cire waya. Filogin hularka ya zama irin wanda in an fizga yake fita da kansa. Kada ka naɗe shi da salatif don gudun kada ya zare, kada kuma wayar ta bi ta ƙarƙashin bel ko ta sarƙe da igiyar abin riƙe wuya. Ku zauna a mota a gareji da cikakkiyar shiga, ku rufe ido, wani ya tafa hannu, ku fita. Ku maimaita har jiki ya haddace.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Na'urar da ta yi magana garau a shago tana iya zama wata aba in inji ya tashi. Ku gwada ta a kan hanya, da gudu, a kan tsakuwa. In kun ji wani zuu da ke ƙaruwa in an taka totur, daga altaneta yake ko kwayil, bakanikenku ya nisanta wayar daga wayoyin fulogi ya gyara mata asa. In akwatin mai ɗan batir ne na bolt 9, ka sa sabo kowace gasa, ka manna wani a inda hannunka zai kai kana ɗaure. Ka ajiye wayar haɗi ta biyu a jakar takardunka. Kuma ku yi yarjejeniyar alamun hannu kai da direba, ku kuma amince tun yanzu cewa in murya ta ɗauke, ƙafa za ta sassauta. Kofin gasa yana nan wata shekarar.

In ka mallake ta, ka riƙe ta kamar yadda maharbi yake riƙe bindigarsa. Bayan gasa ka shanya ta a inuwa, gumi yana cin waya yana ruɓar da yadi. Kada ka bar ta a rana bayan gilashin mota. Kada fetur ko tina su taɓa ta, kada ka kai wa mai fentin mota. Kada ka rataye ta ta sandar makirfo, kada ka huda ta don kyamara. Ka riƙa hure ƙura daga soket. In ta sha duka a haɗari, aikinta ya ƙare ko da ba ta nuna ba. Ko ba haɗari, gidauniyar Snell tana ba da shawarar a sauya hula bayan kimanin shekara biyar ana amfani da ita.

Na san kuɗin da yawa. In bai cika ba, ka bar gasar farko ta wuce, ka tsaya a bakin hanya ka taya masu tsaro aiki, za ka koyi abin da ba a koya a cikin mota. Ni ma na ware wani abu daga kuɗin gyaɗar bana, zan aiko maka ta hannun yayanka, kuma ba rance ba ne. Malamanmu sun koya mana cewa tawakkali ba ya hana a ɗaure raƙumi. Ajali yana hannun Allah, amma jikin nan amana ce a hannunka, haka ma ran mutumin da ke zaune kusa da kai.

Abu na ƙarshe ba a sayar da shi a shago. Na'ura tana kai abin da aka zuba mata ne kawai. In ka firgita, firgicinka za ta kai kunnen direba, ƙafarsa ta rikice. Masu karanta hanya na ƙwarai da na sani, muryarsu ɗaya ce ko mota tana kan miƙaƙƙiyar hanya ko tana bakin kwazazzabo. In ka ɓace a takarda, ka faɗa nan take, kada kunya ta sa ka yi cinta, domin direba ya yarda da kai har ya taka totur a inda ba ya gani. Ka yi bisimilla kafin ka ɗaure igiyar haɓa.

Ranar da ka saya, ka ɗaga shimfiɗar ciki ka ɗauko mini hoton tambarin, da wani hoton kana sanye da ita an ɗaure. Zan kai wa mahaifiyarka in nuna mata da yatsa, in yi mata bayanin kowane abu kamar yadda na yi maka, ko hankalinta ya ɗan kwanta. Kai ma ka kira ta kafin kowace gasa da bayanta.

Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, kai da abokin tafiyarka. Allah ya yi maka albarka.

Naka,
Kawunka.